Gaisuwar Yaya Nomau a kaset

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana Nomau, manomi a wani ƙauye kusa da Ƙetare. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Wani biki da na je a Ƙanƙara kwanan baya ne ya sa na ga ya kamata.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, samarin ƙauyenmu duk suka watse birni. Ni na tafi Kaduna aikin masaƙa. Yaya ya ƙi tafiya, ya ce dole wani ya tsaya ya noma dawar da masu albashi za su ci. Da rana yana gona, da yamma ya ɗauko garayarsa ya zauna gindin ɗorawa. A lokacin akwai wani direban motar auduga mai rikoda, wanda mutanen ƙauye ke yi wa magana a kaset ya kai wa 'yan uwansu a birni, tunda yawancinsu ba su iya wasiƙa ba. Sau ɗaya Yaya ya aiko mini da irin wannan saƙo. Na saurara cikin hayaniyar abokan ɗaki, na jefa kaset ɗin a akwatin ƙarfe, na ci gaba da harkokina.

Yaya bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da ya rasu, kaset ɗin nan ya zama shi kaɗai ne abin da ya rage na muryarsa. Tun daga nan ban sake kunna shi ba. Na san yadda rikoda ke tauna tsohon zare, kuma na gwammace in san muryar tana cikin akwati da in rasa ta a hannuna.

'Yarsa Ladi ce ta ji sanarwar bikin a rediyo. Tana goye lokacin da aka yi kaset ɗin, yanzu ita ma tana da jikoki.

"Baba, an ce za a kawo tsofaffin rikodoji masu aiki," ta ce. "Ka zo da kaset ɗin babanmu."

"In ya tsinke fa?"

"To yanzu da bai tsinke ba, wa ke jin sa? Kyankyasai?"

Ranar bikin na sa shi a aljihun 'yar shara.

Wasu malaman makaranta ne suka shirya taron a filin firamare, don iyalai su zo su ga rayuwar da. An jera tsofaffin kekuna, da garmaho mai ƙaho, da akwatunan rediyo, da aci-balbal. 'Yan mata sun yi ɗaurin ɗankwali mai tsayi irin na iyayenmu, samari sun sa wando mai faɗin ƙafa suna tuntuɓe da shi. A gefe guda wani dattijo na goga kukuma, yara na tsalle, mata na sayar da dakuwa da alewa. Abin ya yi kyau. Amma da na ga garma a kan tebur an manna mata takarda da sunanta, sai na tuna Yaya. Na san zai yi dariya, sannan ya tambayi wa ke noma gonarsa ta nesa. Da sai in gaya masa ba kowa, don hanyar ba ta biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga. Ko bikin ma an ce a tashi kafin la'asar, kowa ya isa gida da sauran rana. Ban san yadda zan yi masa bayanin wannan ba.

Teburin rikodoji yana hannun Malam Sule, wani mai gyaran rediyo daga Faskari. Ya karɓi kaset ɗin, ya juya shi da biro a hankali, ya kara a kunne.

"Alhaji, zaren ya manne," ya ce. "Zai iya tafiya, zai iya tsinkewa. Ni dai ba na rantsuwa a kan abin da ya girmi 'ya'yana."

Ladi ta kalle ni. Na ga ta riga ta fito da wayarta ta ajiye kusa da rikodar don ta ɗauka. Ita ba ta san muryar mahaifinta yana saurayi ba, sai muryar tsufa mai tari. Na ce masa ya kunna.

Aka fara jin shuuu, da carar zakara, da kukan jinjira. Sai muryarsa ta fito, sabuwa, ba tari.

"Audu, ina kwana?"

Sai shiru. Malam Sule ya kai hannu, yana zaton rikodar ce ta tsaya. Zaren kuwa yana juyawa.

"Ina gajiya?"

Shiru kuma. A nan na tuna abin da ya sa abokan ɗakina suka yi ta dariya a Kaduna. Yaya bai yarda a gaida mutum a wuce ba a jira amsarsa ba. Ko da akwati yake magana, bayan kowace gaisuwa sai ya dakata, ya bar mini wurin amsawa. Ana jin direban daga nesa yana cewa batir zai ƙare, shi kuma ya ce, "Bari shi amsa mana. Mi kake sauri?"

Yaran da suka taru suka fara ƙyalƙyala dariya. Da ya ce, "Ina aiki?" sai na ji bakina ya ce, "Aiki da godiya, Yaya." Dariyar ta tsaya. Ya tambayi zafin birni, na amsa. Ya tambayi mutanen Kaduna, wasu dattawa biyu a bayana suka taya ni, "Lafiya lau." Sannan ya ce, "Ga Ladi nan tana gaishe ka, ta iya zama." Ladi ta durƙusa a ƙasa, da girmanta, kamar yadda ake durƙusa wa uba.

Daga nan ya ce bari ya ɗan kaɗa mini garaya. Tsirkiyar ta fara amo ke nan, sai sautin ya murɗe. Kafin Malam Sule ya kashe, zaren ya cukurkuɗe ya tsinke. Ya yi ƙoƙarin haɗawa, amma abin ya riga ya ruɓe, duk inda ya taɓa sai ya marmashe. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ba laifinsa ba ne.

Ba zan ce ban ji zafi ba. Kiɗan Yaya ya tafi, kuma babu wanda ya gaje shi a gidanmu. Na yi ta auna abin a mota, a hanyarmu ta komawa. Gonar tana nan cikin ciyawa, garayar ta daɗe da karyewa. Abin da na ga ya rage shi ne halinsa. Mutum ne da in ya tambaye ka lafiya, da gaske yake son ya ji, kuma zai tsaya har ka faɗa. A yau muna aika gaisuwa ga mutum hamsin a waya ba mu jira ko ɗaya ba.

Ladi ta turo mini abin da wayarta ta ɗauka. A ciki babu shirun nan kuma. Yana tambaya ina amsawa, shi da muryar saurayi, ni da ta tsoho, kamar muna zaune a tabarma ɗaya. Ya jira amsar nan tun ina masaƙa, sai bana ya same ta.

Allah Ya yi masa rahama, Ya ba mu zaman lafiyar da za a koma gonarsa.