Duron Baba Famfo

"Ke, toshe hancinki, mun iso wurin."

"Innalillahi! Wani abu ne ya mutu a kwatar nan?"

"Ba kwata ba ce. Gidan tsohon nan ne mai kaji."

"Kashin kaji ne haka? Ai mu ma muna da kaji."

"Ku dusa kuke ba su. Shi tsutsa yake kiwata wa nasa, a cikin duro."

"Tsutsa? Irin ta ruɓa?"

"Ita fa. Ki gan shi yana damtsa da hannu yana watsa musu, sai ki rantse shinkafa ce."

"Don girman Allah ki bari, yanzu na ci abinci."

"Kuma ƙwansa kike soya wa yaranki kullum."

"Ni? To daga yau an gama."

Mai soya ƙwan ta tofar da yawu a gindin katanga, ita da ƙawarta suka ƙara sauri. Mai gidan yana tsugune a bayan katangar, hannunsa cikin bokiti har wuyan hannu, kuma babu kalmar da ta wuce shi. Bai ko ɗaga kai ba. Ya san gobe za ta aiko a sayo mata ƙwai.

Baba Famfo ake ce masa, don ƙuruciyarsa kaf a gyaran famfo ya ƙarar da ita. Sunan ma an yi masa kara ne, don yawancin aikin ba na famfo ba ne. In masai ya toshe, in bututun bayan gida ya fashe a cikin bango, in kwatar gidan abinci ta cika da daskararren maiƙo ta fara amai, shi ake kira. Ya sha zura hannu har kafaɗa a inda mai gidan ba ya iya tsayawa ya kalla. In ya gama, a bakin ƙofa ake ajiye masa ruwan sha, a kofin da ba za a sake mayarwa kicin ba. Hancinsa ya mutu tun a wancan zamanin, bai kuwa yi makokinsa ba. Da gwiwa ta hana shi hawa da sauka, sai ya rataye sifanoninsa a ƙusa ya koma kiwon kaji a bayan gidansa.

A faɗi gaskiya, kajin sun yi kyau. Ba ya kiwon kajin gidan gona, waɗanda yake cewa ba su san komai ba sai ci da haki. Nasa na gida ne: jajaye, wake-wake, durgu masu gajerun ƙafafu da ke tafiya kamar suna jan zani, da wasu masu tsiraran wuya da matarsa ta ce ko a mafarki ba ta son gani, wai kamar an fara fige su aka fasa. Shi kuwa ya ce su ne ba sa jin zafi, kuma ba sa tashi daga kwanci sai sun ƙyanƙyashe. Bai taɓa yi musu allura ba. Tafarnuwa yake daka musu a ruwa, ya zuba toka a rami su yi birgima don ƙwarƙwata, ya gasa ɓawon ƙwai ya niƙa ya haɗa da dusa. Duk wannan babu mai cewa uffan.

Duron ne abin magana. Wani tsohon duron roba ne shuɗi da ya kafa a gefen akurki. Kowace safiya yana tura baro zuwa kasuwa ya kwaso abin da mutane suka zubar: hanjin kifi, ruɓaɓɓen tumatir, kabejin da ya narke, burodin da ya yi gashi. Ya juye a ciki. Wani baƙin ƙuda mai siririn jiki kamar zanzaro ya zo ya yi ƙwai, kafin ka ankara abin ya fara motsi. In ka matsa kusa har ƙara kake ji, wani ɗan cakal-cakal kamar ana tauna da baki buɗe. Tsutsar in ta ƙosa sai ta yi duhu, ta bar danshi ta kama hawa sama tana neman busasshen wuri. Saboda haka ya saka mata bututu a karkace, aikin gwani, ta bi ta faɗa bokiti da kanta. Wadda ta kuskure ta faɗo ƙasa kuma ba ta yin taku biyu, kaji na tsaye suna jira.

"Malam, ka dubi Allah," in ji matarsa, tana kaɗa ƙudaje daga bakin tukunya. "Na haƙura da warin masai da ƙuruciyata, na ce in ka tsufa zan huta. Ashe gida za ka kawo mini shi."

"Wane wari? Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Ko wankin da na shanya sai ya ɗauka. Jiya a motar haya wata ta matsa ta bar mini kujera."

"Kin samu wurin zama ke nan. Kawo ƙwan can ki fasa ki ga gwaiduwa, ja wur. Wa ke da irinta a layin nan?"

Haka suke, ita tana mita, shi yana nuna gwaiduwa, har babban ɗansu ya samu ɗa namiji. Matar ɗan nasu tela ce, mace mai tsabta har ta yi yawa, irin wadda ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Sau ɗaya ta taɓa leƙa bayan gidan tana amarya, ta ga Baba yana watsa abincin rana, ta koma da baya ta yi amai a gindin famfo. Tun daga ranar gaisuwarta a waya take. Su kuma a can saman bene suke haya, inda gwiwar Baba ba za ta kai shi ba. Ya ga jikan a asibiti yana cikin tawul, bayan nan sai a hoto. Yaro ya yi zama, ya yi haƙori, ya fara rarrafe, kakansa bai taɓa ɗora shi a cinya ba.

Abin ya ci shi fiye da yadda yake nunawa. In matarsa ta dawo daga can tana ba da labarin angonta, wai ya ja mata ɗankwali, wai ya cije ta, sai ya ce, "Ki gaya masa ya fito fili in namiji ne, ya daina ƙwace mini mata daga saman bene." Ya yi dariya, sannan ya fita wurin kaji ya daɗe bai dawo ba.

Ƙarshe dai ɗan ya zo da saƙo, yana sosa ƙeya.

"Baba, ta ce za ta kawo shi ranar hutu. Amma fa ta roƙi arziki. Kada ta ga duron nan a gidan, kuma a rufe kajin."

"Shi ke nan? Ka ce mata an gama."

Ba a gama ba. Da ya tsaya gaban duron sai ya ga ba zai iya ba, don abin yana kan ganiyarsa, ya cika ya batse. Ya jira matarsa ta tafi kasuwa, ya cire bututun saboda ba zai shiga ƙofa ba, ya ɗora duron a baro yana nishi ya kai shi sito, ɗan ɗakin ajiyar da ƙofarsa ke cikin falo. Ya zuba toka da dusa a kai don su danne warin, ya rufe da buhu, ya ɗora katako, ya danna kwaɗo. Da ta dawo ya ce ya ba wani abokinsa. Har addu'a ta yi wa abokin, ta ce Allah ya ba matarsa haƙuri.

Aka kankare tsakar gida da maganin wanke ƙasa, aka fesa ƙamshi a labule. Aka kora kaji akurki aka rufe, suna ta ƙorafi don ba su saba ba. Baba ya yanke farce, ya goge hannu da lemun tsami har fatar ta yi fari, ya sa fararen kayan da ya daɗe yana ajiya.

Suka iso da hantsi. Surukar ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa, hancinta kuwa yana aiki.

"Baba, ina kwana. Mun same ku lafiya? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, 'yata, ƙafa da sauƙi. Ina abokin gabar tawa?"

Ya miƙa hannu. Yaron ya dubi wannan baƙuwar fuska mai furfura, ya taɓe baki, ya tsala ihu ya ƙanƙame uwarsa.

"Ƙyuya yake yi, Baba. A ajiye shi ƙasa, in ya saba da kansa zai zo."

Aka shimfiɗa masa zani a kan darduma. Baba ya zauna can gefe yana kaɗa masa makullai, yana yi masa irin kiran da yake wa 'yan tsaki, don shi kaɗai ya iya. Aka kawo abinci, hira ta ɗan kama. Surukar har ta sake, ta ce gidan ya yi fes, sai dai kamar akwai ɗan wani abu a iska. Uwar gidan ta ce ai bango ne ya sha, sai a hankali.

Yaron ya yi shiru, ya duƙa, ya kama rarrafe. Baba ya buɗe hannuwa. Amma yaron ya wuce shi ya nufi ƙofar sito, ya zauna daɓas, ya tsinci wani abu da yatsu biyu yana kallo. Abin yana lanƙwasa.

"Me angona ya samu?" in ji kakar. "Dabino ne?"

Uwar yaron ce ta fara gani. Daga ƙarƙashin ƙofar tsutsotsin suke fitowa, baƙaƙe, masu ƙiba, jere-jere, sun bi gindin bango, sun shiga ƙarƙashin darduma, wasu sun fara hawa ƙafar kujera. Babu bututu, babu bokiti, babu kazar da za ta tare su, ga falo busasshe an share musu. Yaron ya buɗe baki zai kai abin da ke hannunsa.

Ƙarar da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ta doke hannun, ta fizge shi sama, ta sa yatsa tana laluben bakinsa tana kakarin amai. Mijin ya yi tsalle ya taka wasu da safa, suka fashe, ya ɗaga ƙafa yana salati. Uwar gidan ta ɗaga gefen darduma, ta sake shi da sauri.

"Malam! Abokin naka a sito yake zaune?"

"Ku tsaya, ku tsaya, ba sa cizo! Wallahi sun fi naman kasuwa tsabta. Kada ku taka, yanzu za a share."

Da ya ɗauko tsintsiya, da wataƙila an tsira da wani abu. Amma shi hanya ɗaya ya sani ta share tsutsa. Ya ɗingisa ya fita ya zare sakatar akurki.

Kajin da suka yini a kulle da yunwa suka shigo falo kamar an buɗe famfo. Durgu ta ƙarƙashin kujeru, masu tsiraran wuya ta kan kujeru, fuka-fuki da ƙura ko'ina. Babban zakaran ya dira cikin farantin shinkafa da ƙafafunsa na akurki, ya yi cara. Wata ja ta tsaya a kan zanin yaron ta saki kashi mai ruwa, ta goge baki a gefensa. Suna cafka, suna haɗiya, ruwan abin yana tsartuwa a tayil.

"Kun gani?" in ji Baba. "Kun ga aiki?"

Babu wanda ya tsaya gani. Surukar ta riga ta fice ba takalmi, yaron a kafaɗa, ta shige mota ta ja ƙofa. Ɗan ya tsaya a tsakar gida yana cire safa da bakin yatsu.

"Baba, ka ce an gama."

Tsohon ya buɗe baki zai kawo zancen gwaiduwa, sai ya ji kukan yaron daga waje. Ya rufe bakin. Ya koma ciki ya buɗe kwaɗon, ya rungumi duron shi kaɗai ya fara ja. Ɗan ya ce ya bari, bai saurara ba. Ya ja shi ta falo, ta tsakar gida, har ƙofar waje, yana so ta gani da idonta an fitar. A kan dakalin ƙofa gwiwar ta ci amanarsa. Duron ya kife, rabi a kwata, rabi a jikinsa, tun daga ƙirji har ƙafa. Hanjin kifi ya rataye a aljihun farar rigar, abubuwa suna motsi a cikin hannun rigar. Masu kallo suka watse suna toshe hanci. Wannan karon har shi sai da ya kau da kai.

Ɗan ya shiga mota ya tayar. Baba ya dafa bango ya miƙe, ya tako kaɗan, sai ya dubi hannuwansa ya tsaya nesa, ya mayar da su baya. Gilashin a rufe yake. Ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"'Yata, na fitar da shi, kin ga na fitar. Ba zan matso ba, ba zan taɓa shi ba. Don Allah ki ɗan sauke gilashin, ki juyo mini da fuskarsa in gani kafin ku tafi."