Ciyawar Kawu a Gwangwani

Tun da Kawu Ciyawa ya yi ritaya daga gidan waya ya rasa abin so a duniya sai wata 'yar ciyawa da ke fitowa a kan dutsen bayan gari. Tsawonta bai kai yatsa ba, akuya ma ba ta kula ta. Amma ka kuskura ka gaishe shi, ka shiga uku. Sai ka ji yadda ganyenta ke nannaɗe kamar allura, launinsa toka-toka, da yadda take fitowa curi-curi a tsagar dutse mai kallon rana, inda ruwa ba ya kwanciya. Mutumin da ke rikita sunayen jikokinsa, shi ne ya san gashin da ke gindin ganyen ciyawa.

A gida kuwa, da ya buɗe baki matarsa za ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Da masu fasa dutse suka iso gefen da ciyawar take, Kawu ya hau da gwiwarsa mai ciwo, ya ciro curi ɗaya da tsakuwarsa, ya dasa a gwangwanin madara. Kafin wata ya ƙare tsagar ta zama tsakuwar gini. Duk faɗin yankin, abin da ya rage ke nan.

Sai gwiwar ta kwantar da shi a asibiti. Ya so ya bar wasiyya kan gwangwanin, ya ga ai ba sai ya faɗa ba. Shekara nawa yana bayani a tsakar gidan nan?

Ranar da aka sallame shi, ko zama bai yi ba matarsa ta ɗauko gwangwanin tana murmushi. Ya cika fam da ganye kore shar, mai faɗi.

"Ka ga 'yar taka, Malam? Da ƙishirwa kake kashe ta. Na zubar da duwatsun nan, na sa mata taki, safe da yamma ina ba ta ruwa."

Kawu ya murza ganyen. Irin ciyawar bakin kwata ce, wadda ta zo cikin takin. Ya tona da yatsa, ya taɓo tasa a ƙasa, ta ruɓe ta yi baƙi. Zuciyarsa ta karye, ya buɗe baki zai fara bayani, sai ya ga yadda take kallonsa tana jiran yabo.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce.

"Ai na sha jin kana maganarta," in ji ta.