Kabarin Inna na Farko

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, kuma da rana tsaka.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta doshi shekara casa'in a lokacin. Shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ni ke yi mata wanka, ni ke fito da ita gindin dalbejiyar tsakar gida in hantsi ya yi. Na haifi 'ya'ya bakwai a gidan nan, amma har ta koma ga Allah Amarya take ce mini.

Mijina, Malam, shi ne autanta. Yana karantar da manya a zaure, kuma shi ke jan salla in liman ba ya nan. In aka tambaye shi asalin mahaifiyarsa, sai ya ce daga ƙasar Katsina take. Ni kuwa mai cuɗa mata baya na san akwai tsage a jere daga kafaɗarta har ƙugu, irin wanda ban taɓa gani a jikin Bakatsiniya ba. Ban tambaya ba. A Kontagora akwai gidaje da yawa da ba a tambayar inda kaka ta fito. Kowa ya san kafin zuwan Turawa mayaƙa kan dawo daga duwatsu da yara a ɗaure.

Tana da wata ɗabi'a. In ta zauna ita kaɗai sai ta riƙa buga gwiwarta da tafin hannu. Bugu uku, ta tsaya ta karkata kai kamar mai sauraro, sannan ta sake bugu uku. Mun ɗauka tsufa ne.

Zamanin soja ne, shekara biyu bayan babban fari. Motar shela ta ƙaramar hukuma ta yi ta zagaya unguwanni da lasifika. Wai Kantoma ya ce duk mai zaune a ƙasar nan ɗan gida ne, babu bare, babu bawa, kuma kowace ƙabila ta kawo wasanta filin sakatariya ranar Asabar, a ga juna. Wadda aka ɗora wa aikin wata ma'aikaciya ce, Banufiya, Kirista, doguwa, mai yawo a kan ɗan babur. Malama muke ce mata. Ita ta bi ƙauyuka ta gayyato Kambari da Dukawa da Fulanin daji, ta bi kasuwa ta gayyato Yarbawa. Waɗanda suka zo daga nesa aka sauke su a makarantar firamare, wadda katanga ɗaya ce tsakaninta da gidanmu.

Ranar Juma'a maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Ina tsince shinkafa kusa da Inna, sai ganga ta tashi a bayan katanga. Baƙi ne ke gwajin wasansu na gobe. Ganga ɗaya ce, mai murya ƙasa-ƙasa. Bugu uku, sai wani tsoho ya ɗaga murya ya kira wata kalma, sai shiru. Shirun da tsawo, har kana jin kukan kurciya. Sai bugu uku, sai wata kalma, sai shiru.

Na dubi hannun Inna. Yana bin gangar, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

An daɗe ana yi. Can tsohon ya kira wata kalma, shiru ya biyo baya, sai Inna ta buɗe baki ta amsa. Muryar da ta fito ba ta tsohuwa ba ce. Siririya ce, irin ta yarinyar da aka aika ɗiban ruwa aka kira ta daga nesa. Faifan shinkafa ya suɓuce mini.

Ganga ba ta ƙara bugawa ba. Na ji gudun ƙafafu a bayan katanga, na ji wata mace ta ƙwala ihu.

Ba a jima ba aka yi sallama. Malama ce, da wani tsoho ƙanƙane mai fatar akuya a kafaɗa, daga wani ƙauyen dutse da ke hanyar Rijau. Ya shigo da baya da baya, ya tsaya fuskarsa na kallon ƙofa.

Ya ce, "Uwar gida, wa ya amsa a gidan nan?"

Na ce, "Baba, surukata ce. Ga ta nan bayanka."

"Tana da inuwa?"

Na rantse muku sai da na duba. Rana tana tsakiyar kai, inuwar kowa ta shige ƙarƙashinsa. Na ɗaga hannun Inna cikin rana, na ce, "Tana da ita."

Malama ta ce, "Baba, wane irin wasa ne wannan kuka kawo mini?"

Ya ce, "'Yata, ba wasa ba ne. Kin ce mu kawo abin da muka fi iyawa, shi muka kawo. Duk shekara bayan girbi muna kiran sunayen waɗanda aka kwashe zamanin kakanninmu. A kira, a yi shiru, don kada su ce ba a jira su ba. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa amsawa ba. Sunan nan na yayar ubana ne. An binne ta. Kabarinta na nan bayan gari."

Ya bayyana mana cewa in aka kwashi yaro aka shekara bai dawo ba, sai a haƙa masa rami, a sa wani abu nasa a ciki, a rufe. Daga ranar ya zama matacce, kuma matacce ba ya shiga gari.

Inna ta ce, "Amarya, tambaye shi, ruwan nan da ke fitowa ƙarƙashin tsagaggen dutse yana nan?"

Tsohon ya zube a kan gwiwoyinsa, har yanzu bai juyo ba.

Da Malam ya dawo masallaci ya ji, sai ya ja Malama zaure, ni ina bayan ƙyaure ina ji.

Ya ce, "Malama, ki kwashe mutanenki. Uwata ta ruɗe ne, tsufa ne. Kina so gobe a nuna ni a sahu a ce ga ɗan baiwa yana jan salla?"

Ta ce, "Malam, Kantoma ya ce kowa yana da hakkin ya san gidan ubansa."

"Kantoma ne ya haife ni?"

Sai muryar Inna daga tsakar gida, tar kamar ba ita ba: "Ni na haife ka, mai ƙaton kai. Kwana biyu na yi ina fama da kan nan naka, kuma da tsagen nan a bayana na goya ka."

Da la'asar na kawo mata ruwa a moɗa, ta ture. Ta ce, "Amarya, na sha ruwan garin nan shekara tamanin. Ya isa. Ruwan gida nake so."

Asabar aka yi taro a sakatariya, mu ba mu je ba. An ce kowa ya yi rawa, ban da mutanen dutse. Sun hau mota tun da safe sun koma. Inna kuwa ba ta sha ruwa ba ranar Asabar. Ranar Lahadi sai da dabara nake jiƙa mata leɓe da tsumma. Malam ya kawo ruwan Zamzam da yake ɓoye da shi, ta shafa a fuska ta yi salati, ta mayar masa da sauran.

Malama ba ta zauna ba. Sau biyu ta je ƙauyen nan, tana dawowa jajawur da ƙasar hanya. Na farko dattawan ƙauyen suka ce ba su karɓar matacce ko gwamna ne ya kawo shi. Ta zauna musu a gindin bishiya ta ce ita ma ba ta tashi. Na biyu suka ce hanya ɗaya ce: a tone kabarin da rana tsaka, kowa na nan, kuma wanda ya fito daga cikin Inna shi zai tone da hannunsa.

Ranar Litinin da safe harshen Inna ya kumbura, idanunta sun faɗa. Malam ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, don Allah, ko kurɓi ɗaya."

Ta dube shi, ta buga gwiwarta sau uku, ta karkata kai.

Ya tashi ya fita. Da ya dawo, da fartanya a hannunsa, a nannaɗe cikin buhu don kada maƙwabta su gani.

Ƙaramar hukuma ta ba da motar a-kori-kura. Muka shimfiɗa katifa a baya, na ɗora kan Inna a cinyata. Bayan mun bar kwalta muka yi ta hawa cikin gonakin dawa, har mota ta ce ba ta iyawa. Malam ya goya uwarsa.

Ban taɓa ganin gari irin na ranar nan ba. Mutane sun fito kaf, maza da mata, sun jeru a bakin hanya, kuma kowa ya juya mana baya. Ba tari, ba gaisuwa. An rufe yara a ɗaka, an ɗaure bakin karnuka. Muka ratsa tsakanin bayan mutane, ba ka jin komai sai numfashin Malam da takalman Malama.

Bayan gari, gindin dutse, ga wasu 'yan tudun ƙasa a jere, kowanne da dutse a kansa. Na fara ƙirgawa, na bari. Duk gajeru ne. Tsohon mai fatar akuya ya nuna ɗaya da sanda ta bayansa.

Malam ya tuɓe babbar rigarsa ya ba ni. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, ya yi ta sara har tafinsa ya fashe. Ƙasa ta yi tauri. Can fartanya ta yi ƙara a kan wani abu. Ya sa hannu ya zaro ɗan dutsen niƙa, bai fi ƙwan agwagwa ba, irin wanda 'yan mata ke wasan girki da shi.

Ya sa wa Inna a hannu. Yatsunta suka rufe a kansa kamar jiya ta ajiye shi. Ta leƙa ramin ta ce, "Amarya, dubi. Ai ya yi mini kaɗan."

Sai ganga. Bugu uku. Tsohon ya kira sunan, sunan da ba zan faɗa muku ba don ba nawa ba ne. Inna ta amsa. Mutanen nan duka suka juyo lokaci ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa, dutse ya maimaita. Tsohon ya rarrafo ya kama ƙafafunta yana kuka. Wata mata ta sheƙa ta ɗebo ruwa a ƙwarya. Inna ta yi bisimilla, ta sha, ta sha, har na ji tsoro na riƙe ƙwaryar. Ta goge baki ta ce, "Yana nan yadda yake."

Na ɗauka an gama. Ashe da saura. Ta ce a matsar da ita gaban sauran tudun. Tsohon na faɗin sunan mai kowane kabari, ita kuma tana ba da labari da Hausa, yana juya musu. Yarensu ya gudu daga bakinta, sai 'yan kalmomin yara, ruwa, uwa, akuya.

"Wannan a hanya ya mutu, ƙafarsa ta kumbura, aka kwance shi aka bar shi. Wannan Nufawa suka saye ta. Wannan ban san shi ba. Wannan kuwa tana Kontagora, bayan kasuwa, shekara uku da rasuwarta. Mun yi shekara sittin muna haɗuwa a gidan suna, ba mu taɓa nuna mun san juna ba. Jikanta ne mai..."

Malam ya ce, "Inna!"

Ta ce, "To, na yi shiru. Nasu ne, su zo su tone."

Dattawan suka ce ramin ba a mayar masa da ƙasa. Muka baro shi a buɗe.

Inna ta yi wata huɗu bayan haka. Ta koma shan ruwan rijiyarmu ba gardama, kuma ba ta ƙara buga gwiwa ba. Ta rasu da kalmar shahada a bakinta, aka binne ta a maƙabartar Kontagora. Mutanen dutse su shida suka zo, suka tsaya daga nesa har aka watse.

Malam ya ci gaba da jan salla. Mutum biyu sun daina bin sa, sauran ba su ce komai ba, don kowa ya san abin da ke bayan kakarsa. Bai ƙara ambaton Katsina ba. Duk shekara yakan aika buhun gishiri ƙauyen har ya rasu.

Malama ta so a sake gayyato mutanen dutse shekarar da ta biyo baya. Manyan gari suka je wurin Kantoma suka ce in za su zo, su zo da wata waƙa, don gidajen da ke kusa da makaranta ba su da kwanciyar hankali. Ba su zo ba. Daga baya aka mayar da ita wata ƙaramar hukuma, ban sake ganinta ba.

Tsohon mai fatar akuya ya rasu da damina ta biyu. An ce ɗansa ne ke kira yanzu, kuma in ya zo kan sunan Inna sai ya tsallake.

Ɗan dutsen yana wurina, cikin kwanon da nake ajiye zare. Ni kuma ga ni, na kai shekarun da ake fito da ni gindin dalbejiya. Uwata ma ba ta taɓa gaya mini inda tata uwar ta fito ba. In rana ta take, unguwa ta yi tsit, nakan tarar da kaina na karkata kai wajen katangar nan.