Rinse Ya Sayi Gida, Daɓe Ya Tafi

Rinse Boonstra ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa yana ɗaga gada yana saukewa a Harlingen, wani garin Turawa a bakin teku. Jirgin ruwa ya taho ya ɗaga, jirgi ya wuce ya sauke, masu keke na tsaye suna harararsa. Hannunsa a dunƙule yake tun yana saurayi. Matarsa Baukje takan ce da iska ta sayarwa ce, da hanci ɗaya zai riƙa shaƙa. Abu guda ya taɓa kashe wa kuɗi da daɗin rai, wani ɗan jirgin ruwa shuɗi, wanda shafa masa fenti ya fi shigarsa yawa.

Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, ya ishi Baukje ninki biyu. Rannan ya dawo da labarin ana sayar da sashen da ke saman shagon kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ɗaki da falo. Zai saya ya ba da haya. Ya kwaso ajiyarsa, banki ya cika masa. Baukje ta yarda, amma da sharaɗi.

"Duk watan da gidan nan ya zauna ba ɗan haya, jirginka ne zai biya banki. Kada ma ka dubi fanshona."

"Haba, Baukje!"

"Ka dai ji ni."

Mutumin da ke haya a gidan Douwe ne, tsohon masunci, abokin karatun Rinse tun firamare, abokin faɗansa kuma tun lokacin. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa bene, har ya fara ɗaure kaya zai koma ƙauye wurin 'yarsa. A al'adar ƙasar kuwa bango da rufi su ne na mai gida, daɓe na ɗan haya ne. Shi ke shimfiɗa abinsa, in zai tashi ya sayar wa na bayansa ko ya ɓamɓare ya tafi da shi. Na Douwe katako ne mai kauri, ya sha mai har yana ɗaukar ido.

"To, sabon attajiri," in ji Douwe, "za ka sayi daɓen? Da araha zan bar maka, albarkacin bencin da muka zauna tare."

Rinse ya dubi sandar Douwe, ya dubi matattakalar nan da ta miƙe kamar tsani. Tsoho gurgu, ɗaki ɗaya a gidan 'ya, ina zai kai katako? Dole ya bar shi, kyauta ma kuwa.

"Ba ni da bukata. In kana son kayanka, kwashe."

"Haka ka ce, mai gada?"

"Haka na ce."

Ɗan haya bai yi wuyar samu ba. Wata nas mai suna Marrit ta zo duba gida tun Douwe bai fita ba, idonta bai bar ƙasa ba har ta gama zagayawa.

"Meneer Boonstra, daɓen yana nan ko?" in ji ta, Meneer ɗin nan shi ne Malam a yarensu.

"Ina za shi, 'yata? Ƙafa gare shi?"

Wata na gab da ƙarewa Rinse ya zo da mukulli yana fito. Ya tura ƙofa, sai siminti tsirara, fari fat, sanyi na tashi daga cikinsa. Ko ƙusa ɗaya ba a bari ba. Mai shagon kifi ya ba shi labari yana share hawayen dariya: Douwe ya tara tsofaffin masunta, suka rataya igiya a ƙugiyar saman taga, suka yi ta zuro katako ɗaya bayan ɗaya suna waƙa, shi kuwa yana kan kujera a bakin titi yana ba da oda.

Marrit ta zo ta gani, ta ce ita ba ta da halin sabon daɓe, kuma akwai wani gida a garin Franeker da ake jiran amsarta. A gida Baukje ba ta yi faɗa ba. Tana zuba masa kofi dai ta ce maƙwabci yana tambaya ko injin jirgin na da lafiya.

Da safe Rinse ya hau keke sai ƙauye, iska na tura shi baya. Ga katakon can a jibge bayan gida, an rufe da tamfol, kaji na hawa. Douwe ya ba shi kofi, ya miƙa gwangwanin biskit, Rinse ya ɗauki ɗaya, aka rufe.

"Na zo saye."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To me za ka yi da shi, tsohon banza?"

"Kallonsa nake yi. Yana kwantar mini da hankali."

Rinse ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya faɗi maganar Marrit, ya faɗi ta jirgi. Douwe ya tauna biskit ɗinsa a hankali har ya ƙare.

"Kai ko tsinke ba zan sayar maka ba. Yarinyar zan ba, kyauta, ya zama nata. Amma kai za ka shimfiɗa. Na lura ka iya duba gwiwar mutane, bari mu ga taka."

Haka aka yi. Masuntan suka ɗauki Douwe da kujerarsa suka hau da shi bene, suka ajiye shi a tsakiyar falo. Rinse ya durƙusa da guduma. Duk katakon da ya kafa sai Douwe ya taɓa shi da sanda ya ce ba nan ne mazauninsa ba, a cire. Kafin a gama, Rinse da rarrafe yake zuwa shan ruwa.

Marrit ta tare ranar ɗaya ga wata. Banki ya samu nasa, jirgi ya kwana a inda ya saba. Baukje tana shafa wa mijinta man zafi a gwiwa ta ce, "Wai mai gidan haya, naka gidan daga ina ya fara?"

"Daga bango," in ji shi.

Har yau Marrit ce a ciki, ba ta taɓa makara da haya ba. In famfo ya lalace ta kira shi, yakan iso da akwatin kayan aikinsa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Takalmi, Meneer Boonstra."

Sai ya sunkuya ya kwance.