Kujerar da Yaya Habibu Ya Ajiye Mini

Yau shekara bakwai ke nan da muka rufe Yaya Habibu a nan Doha, kuma har yanzu in na bi ta unguwar Bin Mahmud sai na rage gudu a gaban benen da ya zauna, kamar zan jiyo kiɗan fiyanonsa ta taga.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Zariya ya tafi Turai karatu, ya ɓuge da sana'ar da ba mu gada ba. Ya yi wasa a manyan zauruka, inda jama'a ke zama tsit awa biyu ko tari babu, sai ya ɗauke hannu a miƙe ana tafi. Da ya zauna a Doha ya kama koyarwa, ga shi yau ɗalibansa ke hawa dandali.

Ni kuwa kunyarsa nake ji. Likita nake, ɗan gidan malamai, kuma a wajenmu mai kiɗa makaɗi ne ko da kwat yake sawa. In 'yan gida sun taru cin tuwo a Al Rayyan ranar Juma'a aka tambayi aikinsa, sai in ce malamin makaranta ne, in kawo wani zancen. Duk wasan da zai yi sai ya aiko mini da tikiti, ni kuma in ce ina aiki. A na ƙarshen ma, ina can gaban kwanon tuwo.

Ranar ta'aziyya wata ɗalibarsa 'yar Lebanon ta tambaye ni ko ni ne likitan. Ta ce a zauren da yake wasa akwai kujera ta hagu, inda ake ganin hannun mai kiɗa, da ba ya bari kowa ya zauna. Wai ta ƙanensa ce, marasa lafiya ne suka riƙe shi. Ta ce da alfahari yake faɗa. Na rasa inda zan sa kaina.

Yanzu 'yan gidan nan da nake ɓoye musu su ne ke tura bidiyonsa a waya suna cewa namu ne. Da yana nan murmushi kawai zai yi, ba zai goranta mini ba. Wannan ya fi ci mini rai.

Fiyanon yana falona, na kasa bayarwa. Rannan 'yata Zainab ta ɗaga murfinsa a gaban baƙi ta ce, "Baba, wai me Baffa Habibu yake yi?"

Na dubi baƙin, na ce, "Makaɗi ne. Allah Ya jiƙansa, ban taɓa zuwa na gan shi yana wasa ba."