Abin da Baba Yake So

Ranar wata Laraba ce cikin damina, da hantsi. Muna ɗakin asibiti a Zuru, ni da mahaifiyata, mahaifina kuma yana kan gado, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce a kai shi Sakkwato. Ƙanena ya tafi tasha neman mota.

Tun da ciwon ya same shi Hausa ta ɓace masa, Dakarci ma haka. Sai waɗansu kalmomi da ba mu taɓa ji ba. Yakan damƙe hannun Mama da hagunsa ya ce, "Bashai jete cai." Mu miƙa kunu, ya kawar da kai. Mu gyara matashi, mu buɗe taga, mu kira fasto, ya sake faɗa, hawaye na gangara cikin kunnensa. Mama ta durƙusa tana roƙonsa, "Ko kalma ɗaya, da Hausa mana."

Ita ce ta tuna da Saje, wanda suka yi soja tare da Baba. Na hau babur zuwa Rikoto na ɗauko shi.

"Kofur, kwance har hantsi sai ka ce sabon ango?" in ji Saje daga bakin ƙofa.

Baba ya dube shi ya maimaita maganarsa. Saje ya daina dariya.

"Harshen Bangali ne," ya ce mana. "Da muka je aikin kiyaye zaman lafiya, zazzaɓi ya kwantar da mu a tantin sojojin Bangladash. Mai jinyarsu ba ya ba ka komai sai ka nema da harshensu. Pani cai, ina son ruwa. Cai na, ba na so."

"Wannan fa?" in ji Mama.

"Gida yake son tafiya."

Na ce a yi masa bayani sosai, a Sakkwato akwai na'urori, a nan likita ya ce ya yi iya yinsa. Saje ya sunkuya ya faɗa masa a hankali, bai rage komai ba.

"Cai na," in ji Baba.

Na ce da Mama ba a bin maganar mai ciwon kai irin wannan. Na roƙe ta, har na ɗaga murya. Ita kuwa tana naɗe zannuwa tana zubawa a jaka.

Da motar ta iso, ta gaya wa direba ba Sakkwato za a je ba, gida za a kai shi. Baba ya rasu a ɗakinsa bayan an yanke dawa.