Biskit ɗin Kare da Hannun Inna

Kala bakwai na gwada, uku ake so, kuma mako biyu aka ba ni in zaɓa. Gashin bai dame ni ba, don na fi shekara ashirin ina tsaye gaban murhu. Abin da ya hana ni sakat shi ne karnuka ne za su ci abin, ni kuma a ɗakin mahaifiyata nake gasawa, a unguwar Kurayyat ta Jidda, ba tare da ta san wa nake gasa wa ba.

Shekara tara na yi ina girki a wani gida a unguwar Safa. Mai gidan shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, wato takardar izinin zamana, da sunansa take. Da uwargidan ta rasu, yaran suka watse gidajen aurensu, tukunyar gidan ta koma ta mutum ɗaya, shi kuma dattijon madara da gurasa sun ishe shi. Ba wanda ya ce mini komai, amma na san aikina ya kusa ƙarewa, in ya ƙare kuwa takarduna sun shiga wani hali, ga Inna ni kaɗai ce da ita a Jidda. A lokacin ne autar gidan, wadda na tarar tana 'yar sakandare, ta buɗe shagon wanka da aski na kyanwoyi da karnuka. Wata rana ta same ni a kicin ta ce masu karnuka suna ta neman biskit na gida, wanda ba a cusa masa sinadarai ba. In na iya yi ya karɓu, za ta mayar da iƙamata kan shagon, in zama mai gasa musu.

Na ce mata, «Kare? Ni da hannuna?»

Ta ce, «Khala, ba ke za ki ba su ba. Ki gasa kawai, halas.» Khala take kirana, wato goggo, tun tana yarinya.

Na karɓa, don ba ni da wata ƙofar. Ta ba ni takarda mai ɗauke da abubuwan da aka hana: ba gishiri, ba sukari, ba yaji, ba busasshen inabi, ba cakulan. Albasa da tafarnuwa kuwa ta ja musu layi biyu da jan biro, ta ce suna lalata jinin kare, in ya yi yawa har lahira. Na karanta takardar nan na ji kamar an ce in yi salla ba alwala. Duk abin da ke mai da abinci abinci an cire shi.

Kicin ɗin gidan Safa ba zai yiwu ba, dattijon ba ya son ƙauri, don haka a gida na fara. A wurin Inna kuwa kare abin kora ne, in ta hango shi a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen tana tattare mayafi. Ga shi unguwar nan kaf an san ta da dambun nama da kilishi, daga mutanenmu na Damagaram har Hausawan Sudan da ke hawa na ƙasa, ba a biki sai an aiko mata. Na kasa buɗe baki in ce mata 'yar mai kilishi ta koma yi wa kare girki. Sai na ce biskit ne na masu hawan jini da ciwon suga, shi ya sa ba gishiri. Har abin yanka kwaɓi mai siffar ƙashi da autar ta ba ni na ɓoye a ƙasan akwati, na koma yankawa da bakin kofin shayi.

Ƙaryar ta zauna daidai, amma ta jawo mini wata masifar. Inna ba ta taɓa wuce tukunyata ba ta sa mata hannu ba. Tun ina 'yar shekara goma, in na ɗora miya, sai ta zo wucewa kamar ba ruwanta, ta ɗaga murfi, ta lasa, ta jefa wani abu, ta rufe. Ba ta cewa ya yi, ba ta cewa bai yi ba. Na yi aure, auren ya mutu, na dawo, na dafa wa Larabawa shinkafarsu ta kabsa har suna lashe yatsa, amma a gabanta har yau miyata sai an gyara. Mun sha faɗa a kan haka. In na yi magana sai ta ce, «Abin da ya fita daga ɗakin nan da sunana yake fita.»

Ranar da na gasa kala na farko, na gyaɗa da ayaba, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali tana kallon bango.

«Marasa lafiyar nan laifin me suka yi miki?» ta ce.

Na ce lokotoro ne ya hana gishiri, da kalmar da take kiran likita da ita, ko za ta bar ni.

«Lokotoro ya hana gishiri, ya hana albasa ma? Wane lokotoro ne wannan?»

Na ci gaba da jera su a faranti.

Gwajin kansa ya isa ya sa mutum hauka. Ni ba ni da kare, ba kuma zan taɓa shi ba, don haka in na kai samfur sai autar ta ba wani ɗan farin karenta mai gashi har ido, ta ɗauki bidiyo ta turo mini. Ina zaune a banɗaki da waya, na rage murya don kada Inna ta ji haushi, ina kallon hukuncin da kare zai yanke wa girkina. Na gyaɗa da ayaba ya shinshina ya juya baya. Na naman raƙumi, wanda na sha rana har kasuwar Balad kafin in samo mai kyau, ya ɗauka ya kai bayan kujera ya ajiye. Na kifi ya cinye, amma autar ta ce warin ya kori wata mata daga shago. Na dabino masu karnukan suka fi yabawa, suna cewa ƙamshinsa kamar na gida, sai likitan dabbobi ya ce zaƙin ya yi yawa. Abin da kare ke so masu shi ba sa so, abin da suke so shi ba ruwansa, ni kuma ina tsakiya da gari har gwiwar hannu.

Autar ma ba ta taimaka ba. Yau ta ce a ƙara kauri, gobe ta ce ya yi tauri zai karya haƙorin tsohon kare. Ta ce a sa launi, na tambaye ta da me, ta ce in yi tunani. Na sa karas, ta ce ya yi kama da abincin zomo. Rannan na ajiye wayar na zauna a ƙasan kicin, raina a ɓace, ina tambayar kaina yadda aka yi na kai shekara arba'in da ɗoriya ina jiran amincewar dabbar da ke lasar ƙafarta.

A ƙarshe dai uku suka tsira: kabewa da kaza, gyaɗa zalla ba ayaba, sai hanta da dankalin Hausa. Na hantar shi ne gwani, don a bidiyo ɗan karen har tsalle yake yi. Autar ta ce ranar Alhamis bayan la'asar ta gayyaci masu karnuka shida, su zo da dabbobinsu a ɗanɗana. In abin ya karɓu, makon gaba za a fara maganar takarduna.

Laraba da safe na kwaɓa duka ukun, na rufe na sa a firij, na tafi Balad sayen kwalaben da zan zuba. Da na dawo na gasa. Na lura na hantar ya fi kullum ƙamshi, har ƙarnin nan da ke sa ni buɗe taga ya ragu, sai na ce a raina hannuna ne ya faɗa. Ban ɗanɗana ba. Tun kala na uku na daina sa abin a baki, zuciyata ba ta karɓa. Inna kuwa tana zaune tana jan carbi, fuskarta fes, ban kawo komai ba.

Alhamis da hantsi na kai kwalaben shago na dawo. Muna cin abincin rana, ta dube ni ta ce, «To, me suka ce da na hantar?»

Na ce sai la'asar za su ci.

«Za su yaba,» ta ce. «Na ɗan taɓa miki shi jiya da kika fita.»

Na ajiye lomar. Na ce, «Inna, me kika sa?»

Ta yi murmushi ta ci gaba da cin shinkafarta. Duk wanda ya san masu sana'ar kilishi ya san ba a yi musu wannan tambayar. Haɗin yajinta ko ni ba ta taɓa faɗa wa ba, matan unguwa sun yi roƙo sun yi wayo sun gaji. In za ta daka, ƙofa take turawa.

«Inna, don Allah, me kika sa, kuma yaya yawansa?»

«Abin da ya kamata. Ba zai kashe kowa ba. Ni ma hawan jinin nake da shi, ga ni zaune.»

Na kira autar, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na san hannunta na cikin ruwan wanka. Na tura saƙo. Na sake juyowa kan Inna, na roƙe ta, na haɗa ta da girman iyayenta. Ita kuwa abin ya zama mata wasa, tana ganin dabara ce nake yi in ƙwace sirrinta bayan shekara talatin. Har cewa ta yi, «Ki bari in na kusa mutuwa zan faɗa miki.» Na duba agogo, an kusa kiran la'asar. Kaina ya ɗau zafi, na ji maganar ta fito kafin in tsara ta.

«Inna, ba mutane ne za su ci ba. Karnuka ne. Tafarnuwa tana kashe su.»

Ta ajiye cokalin. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na kasa ɗaga ido daga tabarma. Sai ta fara lissafawa, murya a kwance, kamar mai ba da shaida gaban alƙali: tafarnuwa kai ɗaya, albasa babba ɗaya an daka, citta, kanumfari uku, masoro, gishiri rabin cokali, da wani busasshen ganye da ake kawo mata daga gida. Abin da ta ɓoye wa duniya duk ta zazzage mini shi a minti ɗaya, saboda kare. Da ta gama ta ce, «Tashi ki je.»

Na tari tasi zuwa Safa. Na tarar baƙin ba su fara zuwa ba, amma autar ta riga ta ba ɗan farin karenta guda biyu. Muka kwashe shi zuwa likitan dabbobi, na karanta masa jerin kayan Inna ɗaya bayan ɗaya. Ya ce abin da ya ci bai kai na kisa ba, a sa masa ido kwana uku. Autar ba ta yi mini faɗa ba, amma duk hanyar dawowa ba ta ce mini Khala ba ko sau ɗaya. Muka zubar da kwalbar hantar, aka ɗanɗana sauran biyun. Karnukan duka suka ci na kabewa, huɗu suka ci na gyaɗa. Ta ce za mu fara da waɗannan, da sharaɗin daga yau kwaɓina ba mai taɓa shi sai ni. Bayan wata biyu iƙamata ta koma kan shagon, har yanzu a can nake.

A gida na shirya wa tashin hankali, bai zo ba. Inna ba ta yi maganar najasa ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta ware mini faranti biyu da kwano ɗaya ta ajiye a gefe, ta ce waɗannan nawa ne. Abu ɗaya kawai ta faɗa, tana ninke kaya ba ta kalle ni ba: ta riga ta gaya wa matan hawa na ƙasa cewa 'yarta tana yi wa marasa lafiya abinci, har wata tsohuwa 'yar Sudan a cikinsu ta ɗaga hannu ta sa mini albarka. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai.

Ranar Juma'ar da ta biyo na yi mana tuwo da miyar kuka. Ta wuce ta gaban murhu sau uku, murfin yana nan yadda na bar shi. Mako na gaba ma haka. Abin da na shekara talatin ina roƙo na samu, sai ga shi ya tsaya mini a rai fiye da faɗan. Rannan da gangan na ƙi sa gishiri a miya, ko ƙwaya, na cire daddawa, na zuba mata na zauna ina kallo. Ta cinye tas, ta sha ruwa, ta yi hamdala.

Na ce, «Inna, gishirin ya ji kuwa?»

Ta goge hannunta ta ce, «Ke kika san wanda kika dafa wa.»